A DUBA YARO, A TAMBAYI SIGARIN UBANSA

Akwai wani aikin baban giwa da ake yi kowace safiya a asibitocin ƙasar nan, wanda aka saba da shi har idanu suka daina ganinsa. A kawo yaro yana tari, ƙirjinsa yana ƙugi, numfashinsa yana sama-sama. Likita ya saurari huhunsa, ya rubuta allura da maganin ruwa, uwa ta goya abinta ta koma gida. Da dare ya yi kuwa, a rufe ƙofa da taga saboda sauro ko sanyin hunturu, sa'an nan maigida ya ƙyasta ashana ya kunna sigarinsa kusa da shimfiɗar da yaron yake kwance. Bayan 'yan makonni sai ga su sun sake layi a bakin ɗakin likita da tarin nan dai na jiya. An kashe kuɗi, an ɓata lokaci, amma ba a taɓa tushen ciwon ba, domin kuwa babu wanda ya yi tambaya guda ɗaya tak: shin akwai mai shan taba a gidan da yaron nan yake kwana?

Lokaci ya yi da wannan tambaya za ta zama wajibi a kowane wurin da ake duba yara, tun daga babban asibitin koyarwa har zuwa ƙaramin ɗakin shan magani na ƙauye. Kuma idan an sami amsa, kada a tsaya ga faɗa da gargaɗi. A miƙa wa uban hannu a taimake shi ya rabu da tabar nan take, a wannan zuwan da ya yi saboda ɗansa. An gwada wannan dabara a wasu ƙasashe, an auna amfaninta, an kuma san iyakarta.

Abin da hayaƙi ke yi wa ƙaramin huhu

Hayaƙin taba yana ɗauke da sinadarai fiye da 7,000, kuma aƙalla 69 daga cikinsu an tabbatar suna haddasa ciwon daji. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa taba tana kashe mutum fiye da miliyan 7 a kowace shekara, a cikinsu har da fiye da miliyan ɗaya waɗanda ba su shan ta, hayaƙin wasu ne kurum suke shaƙa. A shekarar 1986 Babban Likitan Gwamnatin Amurka, Dokta C. Everett Koop, wanda asalin aikinsa tiyatar ƙananan yara ne, ya fitar da rahoto a kan illar hayaƙin da mutum ke shaƙa ba da son ransa ba. Bayan shekara ashirin, watau a 2006, ofishin nan ya sake fitar da wani rahoton da ya ce babu wani gwargwadon hayaƙin da za a ce ba shi da lahani, komai ƙanƙantarsa.

Yaro ya fi babba cutuwa, dalili kuwa a fili yake. Jariri yana numfashi sau 30 zuwa 60 a minti ɗaya, alhali babban mutum bai cika wuce sau 20 ba, saboda haka gwargwadon jikinsa ya fi babba zuƙar abin da ke cikin iskar ɗaki. Hanyoyin iska na ƙirjinsa ƙanana ne, kumburi kaɗan ya isa ya toshe su. Huhunsa bai gama ginuwa ba. Sa'an nan babban mutum in hayaƙi ya dame shi yana iya tashi ya fita, amma ɗan goye inda aka ajiye shi nan yake. Likitoci sun tabbatar cewa yaran da ke zaune cikin hayaƙin taba sun fi sauran kamuwa da ciwon huhu, wanda ake kira nimoniya, da ciwon kunne mai zubar da mugunya, ciwon asma kuma ya fi tayar musu ya kuma fi tsanani. Har ila yau hayaƙin yana cikin abubuwan da ke jawo mutuwar fuju'a ta jarirai cikin barci, kuma mace mai ciki da ke shaƙarsa tana iya haihuwar ɗa marar nauyi.

Wani bincike da aka buga a mujallar likitoci ta Lancet a 2011, wanda ya tattara bayanan ƙasashe 192 na shekarar 2004, ya nuna cewa kashi 40 cikin 100 na yaran duniya suna shaƙar hayaƙin tabar wasu, kuma a wannan shekarar kaɗai yara kimanin 165,000 'yan ƙasa da shekara biyar sun mutu da ciwon ƙirji da ke da nasaba da shi. Wannan magana ta shafi Nijeriya ƙwarai, domin Asusun Kula da Yara na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ƙiyasta cewa a 2018 nimoniya ta kashe yara 162,000 'yan ƙasa da shekara biyar a ƙasar nan, adadin da ya fi na kowace ƙasa a duniya a wannan shekara. Lalle ba taba ce kaɗai ta jawo haka ba, akwai yunwa da rashin rigakafi da hayaƙin itacen girki. Amma ƙasar da 'ya'yanta ke faɗuwa haka da ciwon ƙirji ba ta da hujjar rufe ido ga ko ɗaya daga cikin dalilan.

Doka ta tsaya a bakin zaure

Ba za a ce hukuma ba ta yi komai ba. A zamanin da marigayi Farfesa Olikoye Ransome-Kuti yake Ministan Lafiya, shi ma kuwa likitan yara ne, aka kafa dokar soja mai lamba 20 ta 1990, wadda ta hana shan taba a wasu wuraren taruwar jama'a, ta kuma tilasta rubuta gargaɗi a jikin kwalin sigari. A 2005 Nijeriya ta amince da yarjejeniyar Hukumar Lafiya ta Duniya ta yaƙi da taba. A 2015 aka sa hannu a Dokar Taƙaita Shan Taba ta Ƙasa, aka kuma biyo ta da ƙa'idojin aiwatarwa a 2019. Wannan doka ta hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba, ta hana sayar da sigari kara-kara, har ma ta hana mutum shan taba a gidan da yake zaune tare da wanda bai kai shekara 18 ba, sai fa a ɗakin da yake nasa shi kaɗai.

Doka irin wannan tana da amfani idan aka bi ta. A Sikotlan, bayan an hana shan taba a wuraren jama'a a 2006, masu bincike sun ga yawan yaran da ake kwantarwa a asibiti saboda asma ya riƙa raguwa da kimanin kashi 18 cikin 100 a kowace shekara. To amma kowa ya san yadda abin yake a nan. Duk mai tebur a bakin titi, daga Agege ta Ikko zuwa Sabon Badun zuwa tashar motar kowane gari, yana sayar da sigari kara ɗaya-ɗaya a bainar jama'a. Idan abin da ake yi a fili da rana tsaka ya gagari hukuma, ina ga abin da ake yi a ɗaka da tsakar dare? Babu ɗan sandan da zai shiga turakar magidanci ya sunsuna iska, kuma bai kamata a so haka ba. Mutum ɗaya ne ake kai wa labarin cikin ɗaki da yardar masu ɗakin, a kuma saurari abin da zai ce da ladabi, shi ne mai duba lafiyar yaron.

Yadda aka yi a Amurka

A birnin Boston na Amurka, wani likitan yara na Babban Asibitin Massachusetts, Dokta Jonathan Winickoff, tare da abokan aikinsa, suka tsara wani shiri da ake kira CEASE. Ginshiƙin shirin abu uku ne: a tambaya, a taimaka, a haɗa mutum da masu ci gaba da kula da shi. Da iyaye sun iso da yaro, tun kafin su ga likita, ana ba su 'yar takarda ko ƙaramar kwamfutar hannu su amsa tambayoyi kaɗan game da shan taba a gida da cikin mota. In an sami mai sha, likitan yaron zai tayar da maganar, ya rubuta wa uban ko uwar maganin da ke rage ƙawar taba, sa'an nan a sa sunansa a layin wayar tarho na kyauta inda ƙwararru ke kiran mutum suna ba shi shawara har ya tsallake kwanakin wuya.

An gwada shirin a asibitocin yara 10 a jihohi 5, rabi suna aiki da shi rabi suna yin yadda suka saba, aka buga sakamakon a 2019. A inda ake aiki da shirin, kashi 44 cikin 100 na iyaye masu shan taba sun sami taimako na zahiri, watau takardar magani ko rajista a layin wayar. A ɗaya ɓangaren kuwa waɗanda suka samu ba su kai ko ɗaya cikin ɗari ba. Bayan shekara biyu, yawan iyaye masu shan taba ya ragu da kashi 2.7 cikin 100 a asibitocin shirin, ya ƙaru da kashi 1.1 a sauran. Kafin wannan, a 2012, wasu masana sun tattara gwaje-gwaje 18 da aka yi don taimakon iyaye su bar taba saboda 'ya'yansu, suka ga cewa kimanin 23 cikin 100 na waɗanda aka taimaka sun daina, alhali a cikin waɗanda aka bar su da kansu kimanin 18 ne.

Mai karatu zai lura cewa waɗannan alƙaluma ba na abin al'ajabi ba ne. Yawancin masu shan taba sun ci gaba da sha ko bayan an yi musu magana. Amma aikin lafiyar jama'a haka yake tafiya, ɗigo-ɗigo ne ke cika tulu. Tun a 1979 wani likita a Landan, Dokta Michael Russell, ya nuna cewa idan likita ya ɗauki minti ɗaya ko biyu ya shawarci mai shan taba, ya ba shi 'yar takardar bayani, ya kuma ce zai waiwaye shi, kimanin 5 cikin 100 za su daina su kuma ɗore har shekara guda, alhali a cikin waɗanda ba a ce musu komai ba ba a sami ko 1 cikin 100 ba. Ya lissafa cewa da dukan likitocin ƙasarsa za su riƙa yin haka, da an sami fiye da mutum rabin miliyan suna barin taba a kowace shekara.

Me ya sa sai ta hanyar yaro?

Dalili na farko shi ne, magidanci mai shekara talatin ko arba'in ba ya zuwa asibiti don kansa sai ciwo ya kayar da shi. In kansa ya yi ciwo ya tsaya wajen mai kemis, in zazzaɓi ne ya sha ƙwaya ya koma neman abinci. Ɗansa kuwa dole a kai shi. Tsarin rigakafi na ƙasar nan ya tanadi zuwa ranar haihuwa, da mako 6, da mako 10, da mako 14, da wata 9, da wata 15, ban da awon ciki da uwar ta yi tun kafin haihuwa, ban da zuwan da zazzaɓi da gudawa da tari ke tilastawa. Babu wata ƙofa da hukumar lafiya take haɗuwa da matasan iyali sau da yawa kamar wannan.

Dalili na biyu shi ne zuciya. Mutum yakan yi wasa da ransa, ya ce ai kowa da ranarsa, wane ma ya sha taba har tsufa. Amma da wuya a sami uban da zai tsaya a kan gadon asibiti yana kallon ɗansa na fama da numfashi, a gaya masa cewa hayaƙinsa yana cikin abin da ya kawo haka, maganar ba ta taɓa shi ba. Ƙarfe tun yana da zafi ake bugunsa. Wannan sa'ar ita ce wadda kunnensa ya fi buɗewa, kuma in ta wuce ba a yi amfani da ita ba, sai an jira wani ciwon.

Dalili na uku shi ne amfanin ya game gida duka. Binciken da Richard Doll da abokansa suka yi shekara hamsin suna bin likitocin Ingila, wanda aka kammala a 2004, ya nuna cewa mai shan sigari yana asarar kimanin shekara 10 na rayuwarsa, amma wanda ya daina yana ɗan shekara 30 yakan fanshe kusan dukansu, mai 40 ya fanshi kimanin 9, mai 50 kimanin 6, mai 60 kimanin 3. Ashe uban ɗan yaye yana daidai shekarun da barin taba ya fi yi masa riba. Yaro ya sami iska mai tsabta, ya kuma sami uban da zai daɗe yana ciyar da shi. Ga kuma batun aljihu: mai shan kara 10 a rana yana ƙone kara 3,650 a shekara, fiye da kwali 180 ke nan, kuɗin da kowane magidanci zai iya auna shi da mudun hatsi ko kuɗin makaranta. Daɗin daɗawa, barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. An tabbatar cewa 'ya'yan masu shan taba sun fi sauran yara fara sha in sun tasa.

Wajibi ne kuma a fahimci cewa wa'azi kaɗai ba ya isa. Nikotin, watau sinadarin da ke kama mai shan taba, yana isa ƙwaƙwalwa cikin 'yan daƙiƙoƙi bayan zuƙa, kuma tun a 1988 rahoton Dokta Koop ya bayyana cewa yadda yake kama mutum ya yi kama da na hodar iblis da makamantanta. Wanda ya daina yakan sha fama da fushi da rashin barci da rashin natsuwa, abin ya fi tsanani a makon farko, sa'an nan ya riƙa sauƙi cikin mako biyu zuwa huɗu. Da yawa sukan yi yunƙuri sau da dama kafin su dace. Saboda haka ne aka yi filasta da cingam masu ɗauke da nikotin gwargwado ba tare da dafin hayaƙi ba, waɗanda bincike ya nuna suna ƙara yiwuwar dainawa da kimanin rabi ko fiye. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa su cikin jerin magunguna na dole a 2009, ta ƙara wasu ƙwayoyi biyu a 2021, ta kuma fitar da cikakken jagora na yi wa manya maganin barin taba a 2024. Wanda aka ce masa ya daina ba tare da an ba shi abin dogarawa ba, an tura shi rijiya ne ba guga.

Masu ja da wannan shawara

Wasu za su ce ai masu shan taba ba su da yawa a Nijeriya. Gaskiya ne, in an gwada da wasu ƙasashe. Binciken da aka yi a faɗin ƙasa a 2012 ya nuna kimanin kashi 7 cikin 100 na maza manya ne ke shan taba mai hayaƙi, mata kuwa ba su kai 1 cikin 100 ba. Amma wannan ɗan kason mutum fiye da miliyan 3 ne a wancan lokaci, kuma kowane ɗaya yana da masu shaƙa tare da shi, musamman a birane inda iyali guda ke cunkushe a ɗakin haya ɗaya. Ƙarancin ma hujja ce ta a yi aikin yanzu. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, ga shi kuwa shisha ta shigo tana jan samari da 'yan mata waɗanda su ne iyayen gobe.

Wasu za su ce, kuma wannan ita ce hujja mafi ƙarfi, a Amurka wanda ya kawo yaron sau da yawa shi ne mai shan tabar, a nan kuwa uwa ce ke kawo yaro, uba ne ke sha. Wannan haka yake, kuma shi ya sa kwafe shirin Boston harafi da harafi ba zai yi ba. Babban kuskuren da za a yi shi ne a ɗora wa mace saƙon baki a ce ta je ta gaya wa mijinta ya daina, domin a gidaje da yawa wannan zai iya jawo mata ɓacin rai, ko ma a hana ta komawa asibitin. Amma uban bai yi nisa kamar yadda ake zato ba. Sau da yawa shi ne ya kawo su a kan babur yana jira a gindin bishiya a bakin ƙofa. In an kwantar da yaro, shi ne ke zuwa biyan kuɗi da sayen magani. Abin da ake bukata shi ne a kira shi ciki, wani ma'aikaci namiji ya keɓe da shi. In kuwa bai zo ba, a ba uwar takardar gayyata mai hatimin asibiti da sunan maigidan a kai, cewa likita yana son ganinsa game da lafiyar ɗansa. Ta haka maganar ta zama ta likita ce, matar ba ta ce komai ba.

Wasu kuma za su ce ma'aikata sun yi kaɗan, layi ya yi tsawo, ina lokacin wannan? Tambayar ba ta cin rabin minti, kuma tun da mafi yawan gidaje babu mai sha, a nan maganar za ta ƙare. Inda aka sami mai sha ne za a ƙara minti biyu ko uku. A auna wannan da sa'o'in da yaron zai ci na ma'aikata in ya komo sau uku a damina ɗaya. Kuma ba lalle sai likita ba. Unguwarzoma da nas da malamin asibiti na ƙauye duk za su iya in an koya musu.

Akwai masu tsoron cewa tambayar za ta zama cin fuska, ta kori mutane daga rigakafi. Wannan tsoro yana da tushe, domin wasu ma'aikata sun yi suna wajen tsawa da wulaƙanta marasa lafiya. Maganin haka shi ne a yi wa kowa tambayar, mai babbar riga da mai ɗan tofi, yadda ba wanda zai ga an ware shi, kuma a yi ta da lafazi mai daɗi. Akwai bambanci tsakanin a ce wa mutum a gaban jama'a, "Kai ne kake kashe ɗanka," da a ja shi gefe a ce, "Malam, ƙirjin yaron nan ba ya son hayaƙi ko kaɗan. An san barin taba da wuya, amma akwai taimako. Ko kana so a gwada?" Na farkon ya yi abokin gaba, na biyun ya yi abokin aiki.

Masu cewa hayaƙin murhu ya fi na sigari yawa su ma ba su yi ƙarya ba, kuma ya kamata a faɗakar da iyaye mata su nisanta goyo daga bakin murhu. Sai dai girki dole ne, sauya makamashi kuwa yana bukatar kuɗin da talaka ba shi da su. Sigari ba dole ba ne, fitar da shi daga ɗaki ba ya cin ko kwabo.

Abin da ya kamata a yi

Da farko, Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya da Hukumar Raya Lafiya a Matakin Farko, wadda aka kafa a 1992, su sa wannan tambaya a jikin katin awon ciki da katin rigakafin yaro, da gurbin da za a cika. Abin da ba a rubuta ba mantawa ake yi da shi. Tambayar ta haɗa da duk mazauna gida, domin wani lokaci ƙanin miji ne, ko kaka mai lofe, ko saurayi mai tukunyar shisha. Ƙasar nan tana da ƙananan asibitoci kimanin 30,000. Ko da kowanne zai raba uba ɗaya da taba a wata, lissafin ƙarshen shekara ba ƙarami ba ne.

Na biyu, makarantun koyon aikin likita da na jinya da na ma'aikatan lafiyar karkara su koyar da yadda ake wannan 'yar gajeriyar magana, a harsunan da jama'a ke ji, a kuma jarraba ɗalibai a kanta kamar yadda ake jarraba su a kan allura.

Na uku, a samar da filasta da cingam na nikotin a asibitocin gwamnati a farashin da bai fi na sigari ba, a kuma kafa layin waya na kyauta mai aiki sosai, da masu amsawa da Hausa da Yarbanci da Ibo da Turancin buroka, yanzu da wayar hannu ta shiga kowane ƙauye. Sashe na 14 na yarjejeniyar da Nijeriya ta amince da ita a 2005 ya ɗora mata nauyin taimakon masu son barin taba, dokar 2015 kuma ta tanadi asusu na musamman don yaƙi da taba. Gwamnati tana karɓar haraji a kan kowane kwali; adalci ne a ware wani abu daga ciki a mayar wa waɗanda tabar ta kama.

Na huɗu, uban da bai shirya dainawa ba kada a sallame shi hannu wofi. A nemi alkawari ɗaya daga gare shi: daga yau babu taba a cikin ɗaki, babu a cikin mota, babu yayin da yake riƙe da yaro. A gaya masa gaskiya cewa buɗe taga ko kunna fanka ba ya kawar da dafin, kuma ragowar hayaƙi tana maƙalewa a tufafi da labule da shimfiɗa, inda yaro mai rarrafe ke taɓawa ya kai hannu baki, abin da Dokta Winickoff da abokansa suka ja hankalin duniya a kai a 2009. Fita waje mataki ne na farko, dainawa ita ce cikar aiki. A zuwa na gaba a sake tambayarsa, ba tare da gori ba in ya koma, domin sannu ba ta hana zuwa.

Daga ƙarshe, iyaye maza su ma akwai magana a kansu. Magidanci yakan yi alfahari da cewa iyalinsa ba su kwana da yunwa ba, ya biya haya, ya ɗinka musu kayan salla. Iskar da suke shaƙa ita ma tana cikin abin da aka ba shi amana. Wanda ya san yana shan taba, ranar da za a kai ɗansa rigakafi ya daure ya bi su har cikin ɗakin likita, ya buɗe baki da kansa ya ce yana son a taimake shi ya daina. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Hukuma kuwa ta tabbatar cewa ranar da ya yi wannan ƙarfin hali, zai tarar da wanda ya san abin da zai gaya masa, da kuma maganin da zai ba shi.